Ɗakin gidan Hajiya ko ciki da falo na haya: amsa ga ƙanwarmu ma'aikaciyar jinya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga tambayar da ƙanwarmu ta aiko, a taƙaice, saboda waɗanda ba su gani ba. Bazawara ce, shekarunta sun ɗan haura 30, ta gama idda tun bara. Aikin jinya take yi a wani asibitin kuɗi a Hotoro, tana zaune gidan mahaifiyarta a Kurna tare da ƙanne da matan yayye. Mahaifinsu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ta samu ciki da falo kusa da wajen aiki, shi ne take tambaya: ta kama ko ta yi zamanta a gida? Wanne ya fi sauƙi ga aljihu, wanne ne kuma ba zai kore mata mijin kirki ba? Mijin da take so, in ji ta, shi ne wanda zai bar ta ta yi aikinta. Ko ta biyu ce ba ta damu ba, muddin gidanta daban.

Ƙanwata, bari mu fara da kuɗi, tunda shi kika sa a gaba.

A ido, zaman gida kyauta ne. Ba mai tambayar ki haya, abinci kuma tukunya ɗaya ce. To amma Kurna zuwa Hotoro keta gari ne, adaidaita biyu zuwa, biyu dawowa, ranar aikin dare kuwa wani lokacin sai kin ɗauki shata. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura dubu ɗaya a ƙarshen 2024, kuɗin mota kuma ya bi ta. Ki ɗauki biro ki haɗa abin da kike ba 'yan adaidaita a wata, ki ninka sau 12, ki ajiye shi kusa da kuɗin hayar. Mata da yawa masu aiki a ɗaya gefen gari sai sun yi wannan lissafin suke ganin ashe sun daɗe suna biyan haya a kan titi.

Sannan akwai abin da duk mai albashi a gidan yawa ta sani. Gas ya ƙare, ke. Kuɗin makarantar auta, ke. Ankon bikin 'yar maƙwabta, maganin Hajiya, "Anti a sa min data". Ban ce ki ji haushin wannan ba, hidimar uwa da 'yan uwa lada ce, kuma da yawanmu da ita muka ga albarka. Illarsa ɗaya, ba shi da ma'auni. Ba ki san nawa zai fita ba sai wata ya ƙare kin ga hannunki wayam. Wadda ke zaune daban tana iya yanke wa Hajiya wani abu tsayayye duk wata, ta miƙa mata a hannu, kuma sau da yawa uwar ta fi cin moriyar wannan a kan wanda ake tsinka kaɗan-kaɗan ta hannun kowa.

Ita kuma haya duka ɗaya take yi mai zafi. Kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali, ga ɗan gyaran da mai gida zai ce ki yi a cire daga baya. Inda kika ci sa'a shi ne kayan ɗaki. Gadonki da kujerunki da tukwanenki suna nan jibge a wani ɗaki tun da kika dawo, ƙura da gara suna ci. Ba sabon gida za ki haɗa ba.

Wajen girki, gaskiya gidan Hajiya ya fi araha idan aka raba bisa kai. Tukunyar mutum goma ba ta cin wutar tukunya goma, kuma ba a zubar da abinci a gidan da akwai yara da almajirai. Mutum ɗaya kuwa ɓarna ce ke cin sa: a dafa ya yi yawa ya lalace, a sayi tumatir ya ruɓe, a gaji a sayi na leda a hanya. Nan ne zan daɗe, domin idan kin iya wannan ɓangaren hayar ba za ta kayar da ke ba.

Ki samu ƙaramar silindar gas mai kilo 6. Gawayi yana yi wa mutum kamar ya fi sauƙi saboda ana sayen sa ƙulli-ƙulli, amma mai dawowa daga aiki a gajiye ba ta da lokacin fifita, kuma kowane buhu bishiya ce aka sare a daji. Ke da kike asibiti kin fi ni sanin abin da hayaƙin gawayi ke yi wa wanda ya shiga da kurfoti ɗaki ya rufe taga a lokacin sanyi. Gas ɗin ma akwai dabarar ja masa rai. Wake a jiƙa shi tun dare. Shinkafa ko wake ko nama idan ya tafasa sosai, a sauke tukunyar da murfinta a naɗe ta cikin tsohon bargo, zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar kina wani aikin. Miya ki yi mai yawa ranar hutu, ki soya ta da kyau, ki riƙa ɗumamawa. A gidan yawa da wuya ki iya tsara wannan, domin murhun ba naki ba ne, kuma ba za ki tsaya kan matar yaya kina ce mata ta rage wuta ba.

Firij kada ki yi gaggawar saye. Ki fara tambaya ko layin gidan yana cikin rukunin da ake kira Band A, domin a Afrilun 2024 an ɗaga wa masu wannan layin kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit, a kan alƙawarin awa 20 a rana. In ba a wannan layin yake ba, ba lallai wutar ta zauna har firij ya yi miki amfani ba. Randa tana ba ki ruwan sanyi ba ko kwabo. Kayan miya kuma akwai dabarar marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa wanda ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye inda iska ke wucewa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, yana tafiya da zafin. A gwajinsa, yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Ta fi aiki da hunturu da bazara lokacin da iska ke bushe, da damina ƙarfinta yana raguwa, kuma ba a sa mata nama ko kifi. Tumatir, tattasai, attaruhu, alayyahu da karas dai za ta riƙe miki su har ki cinye.

Kin kuma yi dacen unguwanni. Hotoro ba ta da nisa da 'Yankaba, Kurna kuma tana kan hanyar Dawanau. Da kaka ku haɗa kuɗi da Hajiya a sayi buhun masara da gero da wake a Dawanau, ki riƙa ɗibar tiya biyu-uku idan kin je. Da rani, lokacin da tumatirin Kadawa ya cika kasuwa, ki sayi kwando a 'Yankaba ki yanka ki shanya kauɗa, ki busar da kuɓewa, rabi naki rabi nata. Idan damina ta faɗi tumatir ya yi tsada, ke kina da na ajiya. Ki tafi kasuwa da kwandonki ko jakar buhu, ledar da ba ta shigo gidanki ba ba za ta toshe kwatar unguwa ba.

Ruwa a haya sayen sa za ki yi wajen 'yan garuwa, jarka-jarka, saboda haka za ki koyi darajarsa da wuri. Ruwan ɗauraya ya tafi banɗaki. Ruwan wankin shinkafa da na alwala ya tafi gindin shuka. Buhun siminti biyu ko uku da ƙasa da taki sun isa ki dasa zogale da alayyahu da na'a-na'a a bakin ƙofa. Fitilar sola mai cajin waya da fanka mai caji sun wadatar da mutum ɗaya, ba ruwanki da janareta.

To, sai maganar zance, wadda na san ita ce ta fi hana ki barci.

A nan gidan Hajiya yana da fifikon da ba zan ɓoye miki ba. Namijin da ya yi sallama a ƙofar gidanku, aka aiki yaro ya kira ki, ya zauna a zaure ƙannenki suna wucewa suna gaishe shi, ya san akwai mutane a bayanki. Mai wasa ba ya jure wannan fiye da zuwa biyu. Yayyenki za su binciki asalinsa da sana'arsa, matan gidan za su ji yadda yake riƙe da uwargidansa, abin da ke kanki ba za ki taɓa ji daga bakinsa ba. Tunda kin ce ba ki ƙi zama ta biyu ba, wannan binciken ya fi komai muhimmanci a wajenki, domin yadda yake yi wa ta farko haka zai yi miki.

Amma gidan yana da nasa matsin. Bazawarar da ta shekara a gida, kowa ya zo sai a ce ta karɓa. "Me kike jira?" "Aiki ai ba aure ba ne." Ɗakin da kike ciki wani ƙani yana jiran sa zai yi aure. Haka ake tura mace ta amsa wa wanda zai ce ta ajiye aiki bayan wata uku, a sake komawa gidan jiya. Alhali hadisi ya tabbata cewa bazawara ta fi waliyyinta iko da kanta a zaɓen miji. Waliyyi shi ke ɗaura auren, amma sai da amincewarki da bakinki.

A haya za ki samu sararin yin tunani ba mai tsaye a kanki. Sai dai ki shirya wa abubuwa biyu. Na farko bakin mutane: masu gidaje da yawa a garin nan ba sa ba mace marar aure haya, waɗanda suka bayar kuma maƙwabta suna ƙirga wanda ya shiga da wanda ya fita, ga ki da aikin dare. Na biyu irin mazan da labarin zai jawo. Akwai wanda da ya ji kina zaune ke kaɗai zai fara kira bayan isha yana cewa zai leƙo. Akwai kuma wanda zai auna ɗakin da albashin, ya ga ya samu aure ba kama gida ba cefane. Shi wannan na biyun ya fi wuyar ganewa, domin shi ne zai fi kowa rantsuwa cewa ba zai hana ki aiki ba. Ki tambaye shi inda zai ajiye ki. In ya ce ai ga ɗakinki nan, kin ji amsarki.

Wajen rashin lafiya da kaɗaici ma gida ya fi. Zazzaɓin dare ba daɗi ga mutum ɗaya, kuma cin abinci kai kaɗai kullum yana taɓa zuciya.

Idan ra'ayina kike so, ki kama hayar, saboda nisan nan da aikin dare suna cin kuɗinki da lafiyarki, kuma matsin gida yana iya jefa ki auren da ba ki zaɓa ba. Amma zancenki ya zauna a Kurna. Duk mai son ki ya same ki gidan Hajiya ranar hutunki, kada namijin da ba muharraminki ba ya san ƙofar ɗakinki, balle ya zauna a falonki. Addini ya hana keɓewa, kuma wannan ƙa'idar ita ce za ta tace miki su ba tare da kin yi faɗa da kowa ba. Wanda ya yarda ya keta gari ya je ya gaida mahaifiyarki, a zauna da shi a yi maganar aiki a gaban waliyyinki tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, a faɗi har da aikin dare. Gwajin lafiya kafin aure kuma yanzu doka ce a jihar Kano tun 2024, ta haɗa da rukunin jini na sikila da ƙanjamau da ciwon hanta, don haka ba abin jin nauyi ba ne ki nema.

Duk wannan sai da yardar Hajiya. In ta ce a'a har zuciyarta, kada ki fita, ki nemi kawu ko gwaggo su yi mata bayani a hankali, ko ki duba ko akwai 'yar uwa mai aure a ɓangaren Hotoro ko Tarauni da za ki riƙa kwana wajenta ranakun aikin dare. In ta yarda, ki nemi gidan da mai shi yake zaune a ciki da iyalinsa, ya fi miki wanda ke ware ke kaɗai, kuma ki ɗauki ƙanwa ko 'yar yaya mai zuwa makaranta ku zauna tare. Yayanki ya raka ki wajen biyan kuɗi, ya gaisa da mai gida da mai unguwa, a gaya musu aikin da kike yi da lokutan da kike dawowa. Kafin ki biya ki je ki ga layin da daddare, ki tambayi maƙwabta yadda yake idan an yi ruwan sama, ki ji ko mitar wuta taki ce ke kaɗai ko ta haɗaka, kuma ki karɓi rasit mai ɗauke da ranar shiga da ranar ƙarewar haya.