Kafet na gargajiya ko na zamani, wanne ya fi dacewa da falo?

'Yar uwa kin ce kujerunki masu ruwan toka ne, labule mai fulawa, ga yara ƙanana a gidan, kuma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin jan kafet ɗin nan mai tambari a tsakiya irin na Iran da kuma na zamani mai kala ɗaya ko 'yan layuka. To gaskiya tambayar nan taki biyu ce a haɗe. Zane daban, yadda aka yi kafet ɗin da zaren da aka yi shi da shi daban, kuma masu sayarwa sun fi son ki haɗa su wuri ɗaya ki ruɗe, don da yawa daga abin da ake nuna miki a ce na gargajiya ne inji ne ya buga shi da zaren roba, zanen kawai aka aro.

Mu fara da zanen tunda shi ido ke fara gani. Na gargajiya cike yake, akwai iyaka da ta zagaye shi, wani lokacin har layi uku ko huɗu, sai fili a ciki mai rassa da ganye da furanni, sai babban tambari a tsakiya, kalarsa kuma ja mai duhu da shuɗi da ruwan madara. Na garuruwan Tabriz da Kashan da Isfahan a Iran haka suke, na Heriz, shi ma a Iran, zanensa ya fi kusurwa-kusurwa, na Ushak a Turkiyya kalarsa ta fi sanyi. Irin wannan idan ya shiga ɗaki shi ne mai magana, dole sauran kaya su yi shiru. Na zamani kuwa galibi ba shi da iyaka ba shi da tsakiya, kala biyu ko uku ne, shi ke ja baya ya bar wa kujeru da labule fili. Matsalarki a nan labulen ne ba kujerun ba. Ruwan toka yana karɓar jan kafet sosai wallahi, yana ma fito da shi, amma fulawa a taga fulawa a ƙasa, ido ba zai samu inda zai huta ba, falon sai ya zama kamar an zazzage shagon atamfa.

Sai dai ta wajen yara na gargajiya ya yi wa na zamani nisa. Zane mai yawa yana ɓoye datti, idan abu ya ɗiga ya bar ɗan jirwaye sai kin durƙusa za ki gano wurin. Farin kafet ko mai ruwan madara kala ɗaya kuwa sawun ƙafa ma nunawa yake, baƙi ƙirin shi ma bai tsira ba don duk wani zare da ƙura a kansa suke fitowa fes. Wanda na fi hana mutane shi ne mai dogon gashin nan lallausa da ake gani a hoto ana sha'awa, a hoto kam ba magana, amma ki bar shi wata biyu da yara ki buɗa gashin da yatsa ki ga abin da ke ƙasa, ɓurɓushi, yashi, ɗan kunne, kan biro, tsintsiya ba ta kai can, injin zuƙar ƙura ma da ƙyar.

Yanzu maganar ƙira, a nan ne ake cutar mutane. Na gargajiya na ainihi da hannu ake ƙulla shi, ƙulli ɗaya-ɗaya a kan zaren da aka miƙe, galibi na auduga, gashin kuma ulu ne, wani sa'in siliki kamar na garin Kum a Iran ko Hereke a Turkiyya. Babba guda ɗaya yakan ci watanni, mai ƙananan ƙulli har ya haura shekara, shi ya sa kuɗinsa ba wasa ba. Amma yana daɗewa na ban mamaki, akwai kafet ɗin Ardabil da aka saƙa wajen 1540 yana nan a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, akwai kuma na Pazyryk da aka tono a Sibiriya a 1949 ya haura shekara 2,000, duk da dai shi ƙanƙara ce ta adana shi kuma babu yaron da ya taɓa tsalle a kai. Ulu yana da ɗan maiƙonsa na halitta, ruwa ba ya shigarsa nan take, idan an taka shi yana tasowa, wuta ma ba ta saurin cinsa. Illarsa asu na cinsa musamman ƙarƙashin kujera inda ba a motsawa, ba ya son danshi, kuma ba a wanke shi da garaje da kowane sabulu don jan na iya zuba cikin farin.

Na inji kuma, ko zanensa na da ne ko na yanzu, yawanci zaren roba ne, za ki ga an rubuta polypropylene ko polyester a takardar bayansa, Turkiyya da Beljiyam da Masar duk suna buga shi da yawa. Ba ya shan ruwa, ana wanke shi hankali kwance, ba ruwan asu da shi, idan ya tsufa a canja ba tare da ciwon rai ba. Amma inda aka fi takawa yana kwanciya kuma ba ya tashi, maiƙo yana kama shi, zafi kuma narkar da shi yake, dutsen guga ya taɓa shi na daƙiƙa kaɗan shi ke nan an samu tabo mai tauri har abada.

Akwai biyu a tsakani da nake so ki kula da su. Ɗaya wanda ake cewa na hannu ne alhali bindigar zare aka harba masa gashin a jikin yadi sannan aka shafe bayan da gam aka liƙa wani yadin, irin wannan bayan 'yan shekaru gam ɗin ya bushe sai ki ɗaga ki ga farin gari a ƙasa, wani ma da ɗan warin roba. Na biyu mai sheƙin nan da ake kira siliki, viscose ne, daga itace ake yin zaren, ruwa zalla ma ya zube masa sai wurin ya yi rawaya ya ƙandare. Da yara a gida ko kusa kar ki je.

Gane su ba wuya, ki juya bayan kawai. Na ƙullin hannu zanen yana fitowa a baya kamar yadda yake a gaba, layukan ba su miƙe tsaf ba, kalar ma za ki ga ta ɗan sauya daga wani wuri zuwa wani don ba lokaci ɗaya aka rina zaren ba, kuma gezar bakinsa daga jikinsa ta fito. Na inji bayansa daidai wa daida yake ba kuskure ko ɗaya, gezar ɗinka ta aka yi. Idan bayan a rufe yake da yadi to na gam ne.

Da ni ce ke, tunda yaran ƙanana ne kuma ba ki ce za ki cire labulen ba, zan ɗauki na inji mai gajeren gashi wanda zanensa na gargajiya ne amma an koɗar da shi da gangan, shuɗi-shuɗi da toka-toka, yana ɓoye datti kuma ba zai yi faɗa da fulawar ba. Na ulu na hannu ki bari sai sun ɗan tasa, ko ki sa shi a ɗakin da ba a yawan shiga. Idan kuma zuciyarki na kan jan nan ne to ki saya abinki, amma labule ya koma mai kala ɗaya.

Sannan girma, don Allah kar ki sayi ƙarami don ya fi sauƙi. Ƙafafun gaba na kujeru su hau kansa, in ba haka ba sai ya zama ɗan tsibiri a tsakiyar falo kuma ko na Isfahan ne ba zai yi kyau ba. Ana yawan samun 160 da 230, da 200 da 290 a santimita, ki auna da tef ki jera jarida a ƙasa daidai girman ki gani kafin ki biya. In tayil ne a ƙasan ki sa masa abin hana santsi, yara da gudu. Ki turo mana tsawo da faɗin falon mu gani ko 200 da 290 ɗin zai isa.