Gidan sauron Interceptor G2: abin da na gani bayan damina biyu

Ranar da aka raba mana shi ban ɗauke shi a bakin komai ba. Fari ne, a cikin leda, kamar sauran da muka sha karɓa a baya. Ma'aikaciyar lafiyar da ke rabon ce ta riƙe ledar ba ta saki ba sai da ta tabbatar ina saurarenta. Ta ce, "Hajiya, wannan ba irin na da ba ne, magani biyu gare shi. Ki shanya shi a inuwa kwana ɗaya cur kafin ki ɗaura. Kuma in kin ga sauro ya sauka a kansa ya tashi, kada ki ce ba ya aiki." Na ce, "To, Malama," na karɓa na wuce, don layi ya yi tsawo a bayana. Damina biyu ke nan muna kwana a cikinsa, ni da autata a gado ɗaya, yayyenta biyu a nasu, kuma yanzu ina da abin faɗa a kansa.

Yadinsa mai laushi ne, ba ya ƙaiƙayin nan na masu tauri kamar igiyar kamun kifi. Tsawonsa ya isa a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ta kowane ɓangare, abin da ya fi komai muhimmanci ga mai yaro mai juyi a barci. Na bi umarnin shanyawa, don haka ba mu ji zafin fuskar da wasu ke kuka da shi ba idan suka shiga sabon gidan sauro mai magani daga leda kai tsaye. Zafi kuwa akwai, kamar kowane gidan sauro, musamman daren da iska ta ɗauke. Wanki sau biyar na yi masa zuwa yanzu, da sabulu mara ƙarfi da ruwan sanyi, ba bilic, ba shanya a rana. An yi shi ne ya jure wanki 20 da shekara uku.

Makon farko raina bai kwanta da shi ba. Na kunna tocila cikin dare na ga sauro biyu a maƙale a jikin yadin daidai inda ƙafar yarinyar take. Na zuba musu ido. Suka ɗan taka, suka tashi abinsu. Na tuna gidan sauron da muka fara samu shekarun baya, wanda sauro na taɓa shi sai ka gan shi a ƙasa, na ce a raina an kawo mana na banza. Sai da na fara lura da abin da tsintsiya ke tarowa da safe a bayan ƙofa da gindin bango, matattun sauro birjik, sannan maganar Malama ta dawo mini.

Daga baya na bi diddigin dalilin. Tsofaffin gidajen sauro magani iri ɗaya ake saka musu, dangin fairetiroid, kuma shekara da shekaru ana amfani da shi a gidaje da gonaki har sauro ya saba, jikinsa ya koyi narkar da shi. Wannan sabon yana ɗauke da alfa-saifametirin, wanda ke cikin wancan dangin, da kuma kulorfenafir, wanda aikinsa daban ne. Kulorfenafir ba ya kashewa nan take. Sai ya shiga jikin sauron, sinadaran da sauron ke narkar da guba da su su ne ke mayar da shi guba ta sosai, ya toshe hanyar da ƙwayoyin jikinsa ke samar da ƙarfi. Sauron zai tashi ya tafi, amma yakan mutu tsakanin kwana ɗaya zuwa uku. Abin da ya gamsar da ni shi ne, ƙwayar cutar maleriya tana bukatar kwana 10 zuwa 14 a cikin sauro kafin ta isa ta shiga jikin wani. Sauron da ya ciji mai zazzabi yau ya mutu jibi bai kai ga ɗaukar wa kowa cuta ba.

A ɗakina kuwa, daminar da ta gabaci zuwansa sau uku aka gwada autata aka samu maleriya. Na uku shi ne wanda ba na mantawa: jikinta kamar garwashi, idanu sun kakkafe, ina jiƙa tsumma ina goga mata har asuba ta yi. A damina biyun nan sau ɗaya tak ta kwanta, yayyenta ko sau ɗaya. Na san gida ɗaya ba hujja ba ne, yara suna girma, damina ma ba ɗaya take da wata ba. Hujjar tana wurin masu bincike. A gundumar Misungwi ta Tanzaniya an gwada shi a ƙauyuka da dama, sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna kamuwar yara ta ragu da kashi 44 cikin ɗari a shekara biyu, idan aka kwatanta da masu kwana a tsohon samfuri. A Jamhuriyar Benin aka samu kashi 46. Kan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ƙarfi a watan Maris na 2023 cewa a fifita irinsa a duk inda sauro ya daina jin tsohon magani.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani shi ne yadda aka yi ya iso hannuna ba tare da na biya ko sisi ba, da kuma tsoron da nake ji game da na gaba.

Kamfanin BASF na Jamus ne ya yi shi, amma ba shi kaɗai ba. Kulorfenafir maganin ƙwarin gona ne tun shekarun 1990. Mayar da shi abin da zai zauna a jikin yadi, ya jure wanki, kuma jariri ya kwana a gefensa lafiya, ya ci fiye da shekara goma. Kamfanin da ke neman riba ba zai zuba kuɗi haka don talakan da ba shi da abin saye ba. Ƙungiyar IVCC mai neman sabbin hanyoyin yaƙi da sauro, da aka kafa a Libaful a 2005 da kuɗin Gidauniyar Gates ita ta shiga tsakani, tare da masana daga makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, aka raba nauyin gwaje-gwajen. Da ya fito a 2017 sai aka ci karo da wata katangar: ya fi tsohon tsada, ƙasashe ba za su saya ba sai ya yi araha, kamfani kuma ba zai sauke farashi ba sai ya ga ciniki mai yawa. A 2019 MedAccess ta Birtaniya, mai aikin sauke farashin kayan lafiya, da Gidauniyar Gates suka tsaya wa kamfanin lamuni a kan gidajen sauro miliyan 35: ka saƙa, in ba a saya ba asarar a wuyanmu. Farashi ya sauka da kusan kashi 40 cikin ɗari. A gefe guda Unitaid da asusun Global Fund, masu tara tallafin yaƙi da cututtuka a duniya, suka ba da dala miliyan 33 kowannensu, ana cike wa ƙasashe gibin da ke tsakanin kuɗin tsoho da sabo. Daga 2019 zuwa 2022 an raba sabbin gidajen sauro miliyan 56 a ƙasashen Afirka 17, kuma an ƙiyasta sun hana kamuwa miliyan 13 da mutuwa kusan 25,000. Da ciniki ya buɗe, kamfanin Vestergaard ma ya fito da nasa, PermaNet Dual, a 2023.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa yaudara ce kawai, ya zo ya ga yarinyata tana barci. Amma tun da aka fara yanke tallafi nake jin ana ta maimaita cewa kamfanoni za su cike gurbin, kuma a nan ne na ƙi yarda. Ku sake duba labarin da na bayar. Kamfani ya kawo ilimi da masana'anta. Gidauniya ta ɗauki kasada. Wanda ya zaro kuɗi ya sayi kayan, ya biya jirgin ruwa da mota da alawus ɗin Malamar da ta miƙo mini, tallafin ƙasashen waje ne. Fiye da rabin kuɗin da duniya ke bayarwa don yaƙi da maleriya ta Global Fund yake bi, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na kuɗin asusun daga gwamnatoci yake fitowa. Mafi yawan kuɗin da bai bi ta Global Fund ba daga shirin shugaban Amurka na yaƙi da maleriya ne, wanda George W. Bush ya kafa a 2005. Lamunin ciniki yana da daraja ne don an san akwai mai saye a tsaye. In mai sayen ya janye, rangwamen kashi 40 ba zai ɗaura wa kowa gidan sauro ba.

Kuma ya fara janyewa. A watan Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, zuwa Yuli aka rufe USAID, hukumar da ke raba tallafin. Birtaniya ta sanar za ta rage nata daga kashi 0.5 zuwa 0.3 na kuɗin shigar ƙasa nan da 2027. A watan Afrilun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na rabon gidajen sauro da aka tsara ya samu tsaiko ko yana cikin haɗari. Global Fund ta zabtare kimanin dala biliyan 1.4 daga kuɗin da ta riga ta ware wa ƙasashe, sannan a taron tara kuɗi na Johannesburg a watan Nuwamba ta nemi biliyan 18 aka yi mata alƙawarin 11 da 'yan kai. Tun kafin wannan ma ba a ƙoshi ba: a 2023 dala biliyan 4 aka samu, ana bukatar 8.3, kuma a shekarar mutum miliyan 263 suka kamu, 597,000 suka rasu, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Afirka.

Tsorona biyu ne. Na ɗaya, idan kuɗi ya yi ƙaranci, mai lissafi a ofis zai ga ya fi sauƙi ya koma wa tsohon samfuri don adadi ya cika a takarda, alhali sauro ya daina jinsa. Na biyu shi ne jinkiri. Bibiyar da aka yi a Benin ta nuna fifikon sabon ya dusashe a shekara ta uku, magani na raguwa, yadi na yagewa, mutane na daina shiga. Ke nan rabon da ya kamata a yi bayan shekara uku in ya koma huɗu, shekarar nan ta ƙarshe yara a fili suke.

Akwai kuma abin da ya ɓata mini rai tun ranar rabo, wanda ba laifin gidan sauron ba ne. Ƙa'ida ita ce ɗaya ga mutum biyu. Mu biyar ne, uku ya kamata mu samu, aka ba mu biyu aka ce kaya sun ƙare. Maigida har yau a tsohon yake kwana. Ya nemi irinsa ya saya bai samu ba, sai waɗanda ba ka san ko da magani a jikinsu ko babu ba. Masu cewa a bar wa kasuwa su lura da wannan: mai kuɗin a hannu ma bai samu na ƙwarai ba, balle wadda ba ta da shi.

Kayan aro ba ya rufe katara. Shugabannin Afirka sun sa hannu a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, 'yan ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Ina so in ga gwamnatoci sun zama su ne masu sayen, su haɗa odarsu wuri ɗaya su yi ciniki da murya ɗaya, yadda masu tallafi suka yi a 2019, a kuma bayyana wa jama'a abin da aka ƙulla. Ina so in ga ana saƙa shi kusa da inda ake bukatarsa. An taɓa yi: a 2003 kamfanin Sumitomo na Japan ya ba masaƙar A to Z da ke Arusha fasahar gidan sauron Olyset ba tare da karɓar kuɗin mallaka ba, dubban mutane suka samu aiki. Manyan kamfanonin da zazzabi ke kwantar musu da ma'aikata su ma su sa hannu a aljihu, kamar yadda AngloGold Ashanti ya yi a Obuasi ta Ghana, inda feshin da ya fara don ma'aikatansa ya zama shirin da ke kare gundumomi masu yawa. Irin wannan zai taimaka, amma ba zai kai ƙauyen da babu ma'adini ba, can sai gwamnati.

Ga wadda aka ba irin wannan gidan sauron, shawarata ki ɗaura shi a daren da ya gama shan iska, kada ki ajiye shi a akwati, kada ki shinge lambu da shi, kuma kada saurin tashin sauro ya sa ki raina shi. Nawa ƙusar gado ta yaga shi wuri biyu, na ɗinke da zare da allura, na rufe ƙusar da tsumma. Watan jiya da na kai autata awo na tambayi Malama yaushe za a sake rabo, tunda namu zai shiga shekara ta uku. Ta rufe rajistarta ta ce, "Hajiya, wallahi mu ma jira muke. Ki dai lallaɓa wanda ke hannunki."