Littattafan aljanu da fatalwa: wanda zan saya wa yaro, da wanda ba zai ƙara shigowa gidana ba

Duk lokacin da dogon hutu ya matso, sai wata cikin ƙannena ko maƙwabta ta tare ni da tambaya iri ɗaya: "Yaya, yaran nan sun ishe ni da son labarin ban tsoro, wane littafi zan saya musu?" Ba na ganin laifin yaran. Mu ma haka muka tashi. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, Dodo ya fito neman yarinyar da ta ƙi jin maganar uwarta, muna ƙanƙame juna amma ba mai tashi. Abin da ya canja shi ne yanzu sai an sa kuɗi, kuma ba duk abin da ake sayarwa ne ya cancanci kuɗin ba.

Kafin a je kanti, akwai bambancin da ya kamata iyaye su riƙe. Labarin fatalwa irin na Turawa an gina shi ne a kan mamacin da ya dawo, ko don an zalunce shi, ko don ya bar wani abu bai gama ba. Haka yake a A Christmas Carol na Charles Dickens, wanda ya fito a 1843, inda mamaci ya zo da sarƙa a jikinsa yana yi wa tsohon abokin kasuwancinsa gargaɗi a kan rowa. Mu kuwa mun tashi da sanin cewa wanda ya mutu ya tafi ke nan, abin da mutane ke kira fatalwa ma malamai kan ce aljani ne ya ɗauki kama. Aljanu kuma ba ƙage ba ne a wurin ɗan Musulmi, yana karanta Suratul Jinni, sura ta 72, a Islamiyya. Saboda haka yaron Bahaushe in ya karanta labarin tsohon gidan Ingila mai fatalwa, yana rufe littafin ya manta. In kuwa labarin aljanar tsamiya ne, ko ta kango, ko ta bakin rijiya da magariba, to tsamiyar tana nan a hanyar makarantarsu. Ma'aunina ke nan na farko: bayan yaro ya ajiye littafin, zai iya fita banɗaki shi kaɗai da dare?

Da wannan ma'aunin, ba ni da na biyun Ruwan Bagaja. Abubakar Imam ne ya rubuta shi don gasar ƙagaggun labarai da Bature Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934, lokacin marubucin bai wuce shekara 23 ba, domin an haife shi a Kagara a 1911. Labarin Alhaji Imam ne, wanda ya ji zafin wulaƙancin da aka yi wa mijin mahaifiyarsa, liman, a fada, don kawai ya ce ruwan Bagaja ne maganin ciwon ɗan sarki. Sai ya ɗauki alkawarin ba zai zauna ba sai ya kawo ruwan. Ya shiga duniya shekara da shekaru, gari ya gari, yana karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan tsiya, gobe wancan ya rama, har daga ƙarshe da taimakon aljanu ya kai ga abin da ya fita nema.

Abin da ya sa nake fifita shi shi ne yadda Abubakar Imam ya san gwargwadon tsoron da zuciyar yaro za ta iya ɗauka. Ba ya barin mai karatu cikin duhu ya daɗe. Da an shiga wurin da gashin jiki zai tashi, ba a jimawa sai Zurƙe ya ɓullo da wata sabuwar ɓarna, yaro ya fashe da dariya, tsoron ya sauka. Aljanun littafin kuma suna da tsari irin na mutane, suna da manya da ƙanana, ana magana da su, ana yin alkawari a cika. Ba halittun da ke laɓe a bayan ƙofa don su shaƙe mutum ba ne. Kuma tafiyar tana da dalili mai kyau tun daga tushe, ɗa ne ya fita don ya wanke mutuncin wanda ya riƙe shi, kuma ya dawo gida. Wannan dawowar gida tana da muhimmanci ga yaro fiye da yadda manya ke zato. Na karanta wa 'ya'yana shi da baki, babi ɗaya kowane dare, na ga yadda suke kwanciya suna gardamar wa ya fi wani wayo tsakanin Alhaji da Zurƙe, ba suna leƙen ƙarƙashin gado ba.

Ga Hausar kuma. Yaron da ya saba da Hausar waya zai ci karo da kalmomin da bai taɓa ji ba, zai zo ya tambaya, ke ma wani lokaci sai kin tambayi tsohuwa. Ni wannan riba nake ɗaukarsa. Littafin siriri ne, guda ɗaya ne ba shi da na biyu, ba zai cinye kuɗin cefane ba. Aibinsa guda biyu, kuma gara in faɗa. Na ɗaya, akwai yaudara da damfara da yawa a cikin abubuwan da mutanen biyu ke yi, don haka ɗan shekara 9 ko 10 yana bukatar babba a kusa da zai ce masa wannan abin dariya ne, ba abin koyi ba. Na biyu, wanda ke neman tsoron da zai hana shi barci ba zai same shi a nan ba.

In yaro ya gama shi yana neman ƙari, a saya masa Magana Jari Ce, shi ma na Imam, littafi uku, na farkon ya fito a 1937. Aku ne ke tsare Musa ɗan sarki da labarai don kada ya fita daga gida ya faɗa tarkon waziri, lokacin da mahaifinsa ya tafi yaƙi. Gajerun labarai ne da aka ɗebo daga Larabawa da Indiya da Turai aka sa musu rigar Hausa, akwai bokaye da aljanu da dabbobi masu magana, amma ba duka ne na al'ajabi ba. A fara da na ɗaya, kada a kwashi ukun lokaci guda sai an ga ya karɓe shi.

Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Imam, daga waccan gasar ya fito shi ma, kuma rabinsa a ƙasar aljanu ake yin sa, sai dai yaƙi da kirari sun fi yawa, ya fi dacewa da samarin sakandare. Ƙananan da ba su kai shekara 8 ba, Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya ya ishe su, Gizo da Ƙoƙi da Dodo, a karanta musu da baki. Jerin Goosebumps na R.L. Stine, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1992, yana taimaka wa yaro da Turanci, amma in ya karanta uku ya karanta duka. Littattafan yaƙi na kasuwa masu matsafa da takubban sihiri kuwa, jini ne daga bangon farko har na ƙarshe, ba na saye.

Ga manya, Dare Dubu da Ɗaya yana nan a Hausa tun zamanin Turawa, kuma har yau ba a yi aljanu irin nasa ba, tun daga ifiritun da masunci ya tsamo a cikin tulun da aka rufe da hatimin Annabi Sulaimanu. Amma littafin manya ne da gaske, akwai wuraren da ba za ki so 'yarki ta gani ba, a ajiye shi cikin akwati mai makulli. Mai jin Turanci ya nemi My Life in the Bush of Ghosts na Amos Tutuola, na 1954, labarin yaro ɗan shekara 7 da ya gudu daga masu kamun bayi ya faɗa dajin iskoki, ya yi shekara 24 a ciki. Ko da yake sunan ya ce fatalwa, yawancin halittun ciki sun fi kama da iskokin da muka sani. The Famished Road na Ben Okri, wanda ya ci kyautar adabi ta Booker a 1991, a kan yaron da Yarabawa ke kira abiku ne, abin da mu muke ce wa ɗan wabi. Yana da kyau, amma yana da kauri da nauyin Turanci, sai mai haƙuri.

Yanzu bari in zo kan abin da ya ƙona ni, domin shi ya sa na zama mai tsanani. Wata shekara ina dawowa daga tafiya, a tasha, na sayi wani ɗan littafin Hausa a hannun mai talla. Bangonsa zane ne mai launi, yarinya da fitila a gaban wata bishiya, kamar na yara. Mai tallar ya ce min yara na son sa. Ban buɗe ba, na kawo wa 'yata tsaraba, tana da shekara 11 a lokacin. Bayan kwana biyu yarinya ta daina kwana a ɗakinsu, ta dawo bayana, tana firgita cikin barci. Da na karɓi littafin na duba, sai da jikina ya yi sanyi. Tonon kabari ne, da yankan sassan gawa don tsafi, an bayyana komai dalla-dalla, ga kuma shafuka na batsa tsakanin aljani da matar aure. Ba sunan maɗaba'a, ba shekara, sunan marubucin ma laƙabi ne. Ana cikin haka aka yi rasuwa a maƙwabtanmu, yarinyar nan ta fi wata guda ba ta iya bi ta ƙofar gidan. Mun sha addu'a da lallashi kafin ta dawo daidai. Tun daga ranar ba littafin da ke isa hannun 'ya'yana sai na karanta shi, ko aƙalla na buɗe farko da tsakiya da ƙarshe na karanta shafi bibbiyu.

Bango ba shaida ba ne, kuma wannan bai tsaya kan littattafan tasha ba. Tsofaffin littattafan nan da na yaba, su aka fi yi wa jabu, saboda ana neman su a makarantu. Na Imam da Ganɗoki na asali na kamfanin buga littattafai na NNPC ne na Zariya. Na jabu kuwa hoton na asalin ake ɗauka a buga a takarda mai arha, rubutu ya dushe, zanen ciki ya zama baƙin tabo, gam ɗin ya saki kafin mako biyu. Na taɓa sayen wanda shafuka goma sha shida suka maimaitu a tsakiya, wasu goma sha shidan kuma babu su gaba ɗaya, daidai inda labari ya ɗau zafi. Akwai mafi muni, wanda wani ya sake bugawa a kwamfuta da hannunsa, ya zubar da ƙugiyar haruffa, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, ɗaki ya koma daki, ya kuma datse duk inda ya gaji. Yaron da ke koyon karatu da irin wannan, an cuce shi sau biyu. Ku bi lambobin shafi da yatsa tun a gaban mai kanti, ku duba ko akwai ƙ da ɗ da ɓ, ku ga sunan maɗaba'a a shafin ciki, ku tabbatar shafin ƙarshe ƙarshen labari ne.

A sababbin littattafai kuma, ku kula da masu lamba. Za a sayar muku da na ɗaya da na biyu, a tsaya daidai inda aljana ta ɗaga labule, a ce na uku yana hanya, shekara ta zagayo bai fito ba. In ba a ajiye muku cikon a gabanku ba, kada ku biya na farkon. Akwai kuma tsohon littafi da ake canja wa suna da bango a sake fitar da shi, ki kai gida ki tarar kina da shi.

Na waya sun fi duka haɗari. A WhatsApp da Telegram da Facebook za a saki shafuka kyauta har labari ya kama ki, sannan a ce ki tura kuɗi ko katin waya a sa ki a rukunin masu biya. Marubutan gaskiya da yawa da haka suke cin abinci, kuma haƙƙinsu ne a biya su. Matsalar ita ce ɓarayin da ke kwafe littafin wata su sayar da sunansu, ko su karɓi kuɗi su toshe lambarki. Ƙanwata ta biya sau biyu a kan littafi ɗaya, ba ta ga ƙarshensa ba har yau. Kada ku tura kuɗi sai ta hanyar da marubuciyar da kanta ta sanar a shafinta da aka san ta da shi. In an turo muku mahaɗi aka ce sai kun sauke wata manhaja kafin littafin ya buɗe, kuma manhajar tana neman izinin shiga lambobinku da saƙonninku, ku goge ta. Sannan ku sani jihar Kano tana da hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001, amma abin da ke yawo daga waya zuwa waya ba ya bi ta teburin kowa, taciyar tana hannun uwa da uba.

Kwanan nan kuma an fara cika YouTube da labaran ban tsoro da na'ura ta fassara daga Turanci, na'ura ta karanta. Gane su ba wuya. Sunan jarumin Musa ko Habiba, amma gidansu na da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, dusar ƙanƙara na zuba a tsakar gida, muryar kuma ba ta bambanta fari da fari, launi ne ko ƙwaro. Hotunan da ake liƙawa a kansu kaɗai sun isa su firgita ƙaramin yaro, ko bai saurari kalma ɗaya ba, don haka ba na miƙa wa yaro waya in ce ya nemo labari da kansa.

In kun je kanti kuka tarar an naɗe littafin a leda, ku ce a buɗe ku duba. Mai kayan kirki ba ya ƙi. Wanda ya ce sai kun biya tukuna, ku ajiye masa abinsa ku shiga kanti na gaba.