Sharhi: Jita mai tsirkiyar nailan, ko ta dace da kiɗan bammi?

Jitar da nake magana a kai irin masu arha ɗin nan ce da ake samu a shagunan kayan kiɗa: tsirkiya 6 na nailan, tsawon tsirkiya milimita 650, faɗin wuya daga sama milimita 52. Da kiɗa ɗaya na auna ta, wato kiɗan bammi, wanda duniya ta sani da palm wine. Matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru na Laberiya ne suka yaɗa shi a tashoshin gaɓar teku, daga Freetown har Legas. A Saliyo maringa ake ce masa.

Da yatsu biyu Kru ke kaɗawa. Babban yatsa yana tafiya a kan tsirkiyoyi masu kauri yana riƙe da gindin kiɗa, manuni kuma yana tsinkar amo a sirara biyu ko uku na ƙasa. A nan jitar ta burge ni. Tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyinta ta ishi kowane yatsa ya yi aikinsa ba tare da ya taɓo maƙwabciya ba, kuma nailan ba ya yanka fata kamar ƙarfe. Zagayen haɗe-haɗen amo (chords) na C, F da G7, wanda yawancin waƙoƙin ke hawa, yana fita a tausashe, irin taushin da kunne ya saba ji a hannun Koo Nimo na Gana, wanda shi ma da nailan aka san shi. Mai neman kaifin amon tsofaffin faifai, irin na ƙungiyar mawaƙan Gana ta Kumasi Trio da aka ɗauka a Landan a 1928, ba zai same shi a nan ba.

Sai dai yadda ta fito daga kwali ba ta kaɗuwa da daɗi. Tsirkiya mafi kauri ta yi nisan milimita 5 daga ƙarfe na 12 cikin ƙananan ƙarafunan da aka jera a gicciye a wuya, alhali 4 ya kamata ta yi, mafi siririya kuma ta yi 3. Wannan tsayin yana gajiyar da hannun hagu, yana kuma karkatar da amo in an danna. Wuyanta ba shi da sandar ƙarfen da ake juyawa a gyara, don haka maganin yana wurin farin ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa kansa a fuskar jikin jitar. A sassauta tsirkiyoyi, a zare shi, a goge gindinsa da sanfefa a kan abu mai shafaffen baya. Duk milimita 2 da aka ci a ƙashin, 1 ke sauka a ƙarfe na 12. A yi a hankali ana gwadawa, don in ya zarce tsirkiya za ta riƙa zuzu, sai an sayi sabon ƙashi.

Tsirkiya ta uku, wato G, dusasshiya ce, kuma nan ne manuni ke yawan sauka. Sauya ta da ta kabon, wato tsirkiya mai kama da nailan amma mafi kaifin amo, ya buɗe mata murya. Sababbin tsirkiyoyi kan yi mako ɗaya zuwa biyu suna saki kafin su zauna, wannan halin nailan ne, ba laifin masu ƙira ba.

Hunturu abokin gabarta ne. Katako yana son danshi kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. In iska ta bushe sai wuya ya tsuke, bakin ƙarafuna su fito suna karce hannu. A ajiye ta cikin jakarta da soso mai ɗan laima a leda mai huji.

Muryarta ba ta da nisa. A ɗaki ita kaɗai ta wadatar, amma da an haɗa ta da kwalbar da ake bugawa da ƙusa da prempensua, wato akwatin kiɗa na Gana mai harsunan ƙarfe da ake tsinka da yatsu, gindin kiɗan babban yatsa yana nutsewa. Ko dai mai kwalba ya sassauta hannu, ko a sa makirfo tazarar taƙi ɗaya daga inda wuya ya haɗu da jiki, kada a saita shi a bakin ramin da ke tsakiyar jitar.