Tsinke, na'ura ko sikanin: wanne za ki saya don gane ranar sakin ƙwai idan kina kan maganin haihuwa?

Kafin ki shiga Nahdi ko Al-Dawaa, shagunan magani na Saudiyya, ki ce a ba ki abin gwajin tabwid, wato sakin ƙwai, 'yar'uwa, ki fara duba takardar da likita ya rubuta miki. Maganin da aka ɗora ki a kai shi ne zai nuna abin da ya dace ki saya, domin akwai maganin da ke sa tsinken gwaji ya yi ƙarya, akwai kuma wanda ke mayar da shi asarar riyal kawai.

Ƙwai idan ya fito ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai, shi kuwa maniyyi yana iya kai kwana biyar a jikin mace. Saboda haka abin da ake nema shi ne a san ranar tun kafin ta zo. Duk abin da zai gaya miki bayan ƙwan ya riga ya fita, amfaninsa na wata mai zuwa ne.

Tsinken fitsari shi ne mafi araha, ana sayar da shi 25 ko 50 a leda, a saidaliyya, wato shagon magani, ko a kasuwannin intanet na Noon da Amazon. Yana neman sinadarin LH, wanda ke tashi awa 24 zuwa 36 kafin ƙwai ya fita. Inda mata da yawa ke kuskure shi ne karanta shi kamar tsinken gwajin ciki. A gwajin ciki ko layi na biyu ya fito dishi-dishi, ciki ne. Nan kuwa sai layin gwaji ya yi duhu daidai da ɗan'uwansa ko ya fi shi. Layi mai haske ba komai ba ne, don kullum akwai ɗan LH a jiki. Ki tara fitsari a kofi mai tsabta, ki tsoma tsinken ba tare da ya wuce alamar MAX ba, ki kwantar da shi, ki karanta a mintunan da takardarsa ta faɗa, galibi biyar. Bayan minti goma kada ki ƙara kallonsa. Lokacin da ya fi shi ne tsakanin hantsi da magariba, kuma ki rage shan ruwa awa biyu kafin nan. Wannan yana da wuya a zafin Makka, amma fitsarin da ya yi fari tas yana ɓoye tashin sinadarin. Ranar farawa kuwa, ki cire 17 daga tsawon zagayen al'adarki: mai kwana 28 za ta fara a rana ta 11, ana ƙirgawa daga ranar da jini ya zo sosai.

Yanzu ga inda magani ke shigowa. Idan Clomid kike sha, ƙwayar da ke sa a saki ƙwai, shi kansa yana ɗaga LH, don haka ki bari sai kwana uku bayan ƙwayar ƙarshe kafin ki fara gwaji. Ƙwan yakan fita tsakanin kwana 5 zuwa 10 bayan gama maganin. Mai shan Femara ma, wata ƙwayar mai irin wannan aikin, gara ta jira ta gama kwana biyar na shan ta. Idan kuwa za a yi miki allurar fasa ƙwai, wadda likitocin nan ke kira ibra tafjiriyya, irin su Ovitrelle ko Pregnyl, ki ajiye tsinken gaba ɗaya. Sinadarin hCG da ke cikinta ya yi kama da LH, tsinken zai yi duhu ko ƙwai ya fita ko bai fita ba. Ba ki ma buƙatarsa, tunda an san ƙwan zai fita kamar awa 36 bayan allurar. Wannan allurar ce kuma ke sa gwajin ciki ya nuna layi biyu na ƙarya har kwana 10 zuwa 14, abin da ya sa mata da yawa murna sannan kuka. Ki jira ranar da likita ya sa, ki yi tahlili, wato gwajin jini.

Masu takayyus, wato matsalar ƙananan ƙwayaye da ke taruwa ba su nuna ba, su ma tsinke yakan ruɗe su, domin LH ɗinsu a sama yake tun asali. Sai mace ta ga duhu sau uku a wata guda ba tare da ƙwai ya fita ba.

Na'urar Clearblue mai allo ta fi tsada nesa ba kusa ba: kwali mai sanda goma yakan fi ledar tsinke hamsin kuɗi. Abin da kike saya shi ne hutu daga ƙura wa layi ido, fuska mai murmushi ta fito idan LH ya tashi, ko da'ira kawai idan bai tashi ba. Akwai samfurin da ke auna sinadarin estrojin ma, ya nuna fuska mai ƙyaftawa kwanaki kafin ta tsaya cak, kuma shi da fitsarin farko na safe ake fara shi. A ganinmu ta dace da mai al'ada daidaitacciya wadda layuka ke rikita ta. Mai zagaye mai tsawo za ta ƙarar da kwalin kafin ranar ta zo, kuma duk abin da ke yaudarar tsinke yana yaudarar ita ma na'urar.

Ma'aunin zafin jiki mai lamba biyu bayan ɗigo, irin 36.45, sau ɗaya ake sayensa. Bayan ƙwai ya fita zafin yana ƙaruwa da digiri 0.2 zuwa 0.5, ya zauna a haka. Sharaɗinsa mai tsanani ne: lokaci ɗaya kullum, bayan barcin awa uku aƙalla, kafin ki sauko daga gado. A gidan da ake kwanciya ƙarfe biyu na dare, a tashi Asuba, a koma barci, lambobin za su yi ta tsalle, balle da azumi da sahur. Idan an ba ki Cyclogest, maganin sinadarin furojestaron, shi ma zai ɗaga zafin da kansa. Manhajojin waya irin su Flo kuwa lissafin kalanda suke yi, kuma magani yana sauya ranar, sai dai ki yi amfani da su wajen rubuta abin da kika gani.

Wadda ke kan magani, inda ya kamata kuɗinta ya tafi shi ne sikanin na bin ƙwai, mutaba'at tabwid. Ta farji ake yin sa, yawanci daga rana ta 10 zuwa 12, a maimaita bayan kwana biyu ko uku. Jakar ƙwai tana girma kamar milimita 2 a rana, idan ta kai 18 zuwa 22 ta nuna. Likita zai auna kaurin shimfiɗar mahaifa, ana son milimita 7 ko 8 zuwa sama, kuma Clomid yakan sirantar da ita. Zai kuma ƙirga jakunkunan da suka girma. Wannan ƙirgar babu tsinken da zai yi miki ita: idan sun wuce uku, akwai haɗarin 'yan uku ko kumburin ma'ajiyar ƙwai, har likita ya ce a haƙura da saduwa a watan. Shi ya sa karɓar ragowar Clomid daga maƙwabciya ganganci ne. Kafin ki fara, ki tambayi mustausaf, wato asibitin, ko kuɗin na ziyara ɗaya ne ko na watan duka, ko akwai likita mace a ranakun da za ki dawo, har da Juma'a, don ƙwai bai san hutu ba. Ki tambayi kamfanin inshorarki ma, domin galibi ba sa ɗaukar maganin neman haihuwa.

Idan kuɗi ya yi kaɗan, haɗin da muke ba da shawara shi ne ledar tsinke mai araha, sikanin ɗaya ko biyu a watan farko don a ga yadda jikinki ke amsa magani, sai tahlilin sinadarin furojestaron kwana bakwai bayan duhun tsinke, wanda ke tabbatar da ƙwan ya fita. Maigida ma ya yi tahlilin maniyyi tun da wuri, bayan ƙaurace wa saduwa na kwana 2 zuwa 7, kada ki sha magani wata shida alhali matsalar ba a wurinki take ba.

Ki duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwali, kuma ki ajiye tsinkayen a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Yawancinsu ba a so su wuce zafin digiri 30, kuma ledar da ta wuni a mota a zafin ranar Jidda, ko wadda mai kawo saƙo ya bari a bakin ƙofa tun azahar, ba abin dogaro ba ce.