Irin kuɓewar Clemson Spineless: ta jure zafi, amma fakitin gauraye ne

A jikin fakitin irin kuɓewar da na saya an rubuta Clemson Spineless, kuma duk wanda ya san wannan iri ya san abin da yake jira: kara mai tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, 'ya'ya koraye shar marasa ƙaya, a fara tsinka wajen kwana 55 zuwa 60 da shuka. Tsohon iri ne, tun 1939 ya ci lambar yabo a Amurka, halinsa a bayyane yake. Shi ya sa abin da ya fito ya ƙona mini rai.

Irin gauraye ne, kuma a watan farko ba mai ganewa, don tsiron duk kama ɗaya. Sai da fure ya fara buɗewa aka ga wasu na ta miƙewa sama, kara ya yi kauri, ganye faffaɗa mai gashi, ko ƙullin fure babu. Da ganinsu mutum zai zargi taki, tunda yawan yuriya na sa kuɓewa ta yi ganye ta manta da 'ya'ya. To amma kunya ɗaya ce, taki ɗaya, ruwa ɗaya, ga maƙwabciyarta tana ta zuba. Akwai nau'in kuɓewar da ba ta fure sai yini ya fara gajarta, kuma duk alamu sun nuna ita ce aka cuɗa a ciki. Da ta ga damar haihuwa, 'ya'yan gajeru ne masu ƙaiƙayi, ba a taɓa su da hannu tsirara.

Ɓarnar ba ta tsaya a gurbin da suka cinye ba. Sun zarce sauran tsayi sun rufe su da inuwa, alhali kuɓewa na son rana ta awa shida zuwa takwas kai tsaye. Duk wadda ke gefensu ta rage haihuwa. A babbar gona wannan ba komai ba ne, amma a ɗan lambun gida mai kunya biyu ko uku asara ce ta gaske. Wanda ya riga ya shuka wannan fakiti, da zarar sauran sun yi fure, duk wadda ba ta ko ƙulla ba a sare ta daga gindi. Kar a tuge, don tugewa na girgiza saiwar na kusa.

Sai dai in faɗi gaskiya, na ainihin sun burge ni. An jiƙa irin ya kwana a ruwa, aka binne shi zurfin santimita 2 a ƙasa mai ɗumi, cikin mako guda ya huda. Biyu a rami, aka rage ya zama ɗaya, tazarar santimita 30 zuwa 45 a kan kunya, kusan 90 tsakanin kunya da kunya. Lokacin da zafi ya sa tumatir zubar da fure, kuɓewar ko a jikinta. Sharaɗin dai kar ƙasa ta bushe ƙayau: in zafi ya haura digiri 35 kuma ga ƙishi, ita ma ƙullin furenta na kakkaɓewa. Ban ruwa mai zurfi sau biyu a mako ya fi yayyafin kullum, a kuma shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi. Furen yini ɗaya yake yi, bayan kwana huɗu zuwa shida ɗan ya kai santimita 7 zuwa 10, lokacin tsinka ke nan. A irin wannan zafi sai an zaga kowane kwana biyu, in ba haka ba ya ƙosa ya zama itace, uwar kuma ta rage sabon fure.

Har na fara sassautawa, sai na sake duba bayan fakitin. Wai a rena a ƙananan robobi sannan a dasa. Kuɓewa doguwar saiwa ɗaya take sakawa ƙasa, in ta karye wajen dashe sai tsiron ya tsaya cak, ya yi ta rama. Inda ƙasa ta riga ta yi ɗumi, me zai kai mutum dashe? Ranar da aka ɗura irin ma ba a rubuta ba, alhali ƙarfin tsirowarsa na raguwa bayan shekara biyu. Ba su kuma faɗi cewa 'ya'yan ne kawai marasa ƙaya ba, ganye da kara na nan da ƙaiƙayinsu, sai da riga mai dogon hannu.

Irin zan sake shukawa, amma ba daga hannun wannan mai sayarwa ba. Abin haushi, ko ajiye iri daga masu kyan ba zai yiwu kai tsaye ba, tunda daga baya furensu ya haɗu da na gauraye, ƙudan zuma kuma na kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan. Mai son iri tsantsa sai ya rufe ƙullin da ɗan buhun yadi da yamma kafin ya buɗe, ya cire bayan furen ya faɗi, ya ɗaura zare a wuyan ɗan don shaida, ya bar shi ya bushe a jikin uwar har ya fara tsagewa.