Tantance masu walda da makanikai a yankin Kura: yadda na ga aikin masu auna ƙwarewa

A garuruwan da ke gefen magudanan ruwan Kadawa, daga Kura zuwa Garun Malam da Bunkure, manomi ba ya rabuwa da mai walda da mai gyaran injin ban ruwa, domin su ne suke ƙera tukwanen turara shinkafa da injinan sussuka da ƙyamaren shaguna, kuma su ake kira idan inji ya tsaya a tsakiyar rani tumatir yana jiran ruwa. Mafi yawansu a gaban ubangida suka koyi aikin, shekara da shekaru, har aka yaye su da addu'a da goro, babu wata takarda a hannu. Wahalar takan taso ne ranar da kamfani ko ɗan kwangila ko wani shirin gwamnati ya nemi shaidar ƙwarewa, sai mutumin da ya yi shekara ashirin yana narka ƙarfe ya rasa abin nunawa. Wannan giɓi ne ya buɗe wa wasu kasuwa, suna tara matasa a zauren taro na ɗan lokaci, su karɓi kuɗi, su raba musu kwali mai ado wanda babu hukumar da ta san da shi.

Ni nake riƙe wa ƙungiyar masu walda da makanikai ta garinmu littattafanta, saboda haka da wata cibiyar koyar da sana'o'i ta cikin birnin Kano ta zo da tayin tantance mambobinmu a ƙarƙashin tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, wanda ake kira NSQ, na zauna tare da su tun daga rajista har zuwa fitowar takardu. Na yi wannan rubutu ne domin sauran ƙungiyoyin sana'a na karkara waɗanda irin wannan tayi zai iske, su san abin da za su biya kuɗi a kansa da kuma mutanen da suke tsaye a bayan takardar.

Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta take Kaduna, ita ce uwar wannan tsari. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shi a 2013, an kuma faro shi da matakai shida, daga na mai koyo da ke aiki a ƙarƙashin kulawa har zuwa na ƙwararren da zai iya jagorantar wasu. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, NBTE ba ita take ba da takardar da hannunta ba. Aikinta shi ne sa ido, takardar kuwa tana fitowa ne daga hukumomin da aka ba izinin bayarwa, kamar NABTEB, hukumar shirya jarrabawar kasuwanci da fasaha ta ƙasa mai hedikwata a birnin Benin na jihar Edo, wadda aka kafa a 1992. A ƙasansu akwai mutum uku da aikin tantancewa yake bi ta hannunsu: mai tantancewa wanda yake zuwa ya ga aiki da idonsa, jami'in tabbatar da inganci na cikin cibiya wanda yake duba hukuncin mai tantancewa, da jami'in waje wanda hukumar ba da takarda take turowa ya duba cibiyar baki ɗayanta. Mudun mai awo ba ya da daraja sai kasuwa ta yarda da shi, kuma haka nan sa hannun mai tantancewa ba ya zama shaida sai waɗannan biyu na sama da shi sun gaskata. Farfesa Idris Bugaje, wanda aka naɗa shugaban NBTE a 2021, ya taɓa shugabantar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma an san shi da ƙoƙarin shigar da masu sana'ar kasuwar Panteka ta Kaduna cikin wannan tsari, wanda hakan ya sa masu walda na wajenmu suka saurari tayin da kunnen arziki tun farko.

Ɓangaren da ya fi kowane kyau a hidimar shi ne zuwan mai tantancewa gareji. Ba a kira kowa aji ba, ba a kuma ba kowa biro ya rubuta jarrabawa ba. Mutumin ya zo da rigar aiki da takalmi mai rufe ƙafa, ya nemi benci ya zauna a gefe, ya bar kowa ya ci gaba da aikin da mai kaya ya kawo masa. Na tsaya kusa lokacin da yake kallon ɗaya daga cikin dattawanmu yana haɗa ƙafafun tukunyar turara shinkafa. Ya lura da yadda ya auna, da yadda ya ɗiga walda a kusurwoyi kafin ya cike, da yadda ya sake ɗora sukwaya bayan ƙarfen ya ɗauki zafi domin ya ga ko ya karkace. Da aka gama sai ya karɓi guduma ya ɓamɓare dattin da ke kan haɗin, ya bi layin da yatsa, ya juya ƙarfen ya duba bayansa ko wutar ta ratsa. Bai yaba ba, bai kushe ba, sai ya tambaya cikin ladabi: "Baba, me ya sa kuka rage wuta da kuka zo kan wannan falange?" Dattijon ya amsa cewa, "Yallaɓai, sirara ce, in na bar wutar yadda take sai ta huje." Mai tantancewar ya rubuta amsar a takardarsa kamar yadda aka faɗe ta, kuma wannan amsa ta shiga fayil a matsayin shaidar sanin aiki. Ban taɓa ganin wani jami'i ya ɗauki ilimin da ke bakin mai sana'a da irin wannan daraja ba, kuma na ga yadda hakan ya sauya fuskokin yaran shago da suka taru suna kallo.

Duk da haka bai yi sassauci ba. A wannan rana ya ƙi sa wa dattijon hannu a kan sashen lafiya da kariya daga haɗari, saboda yana walda da baƙin tabarau na kasuwa maimakon garkuwar fuska, da silifa a ƙafarsa, ga wayar injin a kwance a ƙasa an ɗaure wurin da ta yanke da leda, ga jarkar fetur ɗin janareta ba ta da nisa da inda tartsatsi yake sauka. Wasu daga cikin mambobi sun ji haushi, suna ganin an raina wanda ya koya wa rabin garin sana'a. Ni ina ganin a nan ne hidimar ta cancanci kuɗinta. Duk wanda ya zauna da masu walda ya san ciwon idon da yake hana su barci da dare bayan yinin aiki, ya san kuma yawan waɗanda ganinsu ya raunana tun kafin su tsufa. Hukuncin tsarin iri biyu ne kawai, ko mutum ya ƙware ko bai kai ba tukuna, babu batun faɗuwa, don haka aka ba dattijon dama ya gyara, mai tantancewar ya dawo ya sake dubawa, sannan ya sa hannu. Garkuwar fuska da aka saya saboda tantancewa tana nan ana amfani da ita a garejin har yanzu.

Inda abin ya fara tsami shi ne wajen haɗa fayil. Kowane ɗan takara sai an tara masa shaidu: bayanin abin da aka gani yana yi, tambayoyi da amsoshi, hotunan kayan da ya ƙera, shaidar ubangida ko abokin ciniki, da bayanin da shi kansa zai yi a kan aikinsa. Wannan tsari ne mai ma'ana, domin shi ne yake ba jami'in da bai zo gareji ba damar bin diddigin hukuncin. Amma duk takardun da cibiyar ta kawo mana da Turanci suke, alhali akasarin mambobinmu karatun allo suka yi, suna rubuta ajami da kyau, wasu suna karanta Hausar boko, kaɗan ne suke iya cike fom na Turanci. Sakamakon haka sai bayanin da ake cewa na ɗan takara ne ya koma rubutun wani, ni ko wani ɗalibin sakandare, kuma na lura cewa bayanan mutane da yawa sun fito da kalmomi iri ɗaya. Wannan rauni ne babba a hidimar da aka gina a kan gaskiyar shaida. Kowane gareji yana da waya mai ɗaukar murya da bidiyo, kuma da cibiyar ta tanadi hanyar karɓar bayanin baki da Hausa ta ajiye shi a matsayin shaida, da jami'an sama sun ji muryar mai sana'ar da kansa maimakon fassarar magatakarda.

Jami'ar tabbatar da inganci ta cikin cibiyar ta zo, kuma aikinta ya gamsar da ni. Ta zaɓi fayil-fayil ba tare da ta sanar da kowa wanda za ta ɗauka ba, ta kira masu su gefe ta tambaye su ko da gaske an zo an kalle su suna aiki, ko an nemi wani abu a hannunsu bayan kuɗin da ke kan rasit, ta kuma mayar da wasu fayilolin saboda hotunan da ke ciki ba su nuna fuskar mai aikin ba. Jami'in waje kuwa ba mu sa shi a ido ba. An gaya mana cewa a ofishin cibiyar cikin birni ya duba takardu. Ba na zargin kowa da ha'inci, amma mutumin da zai gaskata cewa wuri ya cancanci a yi tantancewa a cikinsa ya kamata ƙafarsa ta taka wurin, ya ga irin wutar da muke aiki da ita da irin kayan da ake samu a ƙauye.

Jinkiri shi ne ƙorafi na biyu. An kammala tantancewa kafin saukar damina, takardu ba su iso ba sai da aka yi girbi aka shiga aikin rani, kuma a tsawon wannan lokaci babu wanda ya kira mu ya faɗa mana matakin da fayiloli suke. Duk bayanin da muka samu sai da muka biya kuɗin mota zuwa Kano muka nemo shi. Wani matashi cikinmu ya rasa gurbin aiki a wani kamfanin sarrafa shinkafa saboda an rufe karɓar takardu tasa ba ta fito ba. Kuɗin rajista ma, ko da yake an ba da rasit kuma ba a ƙara ko sisi a kai ba, ya yi wa yaran shago nauyi, har ya zama iyayen gida ne suka fi shiga, alhali matasan da ke neman fita duniya su suka fi buƙatar takardar. A baya shirye-shirye irin su Mafita, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa a Kano da Jigawa da Kaduna da Katsina, sun ɗauke wa masu koyo wannan nauyi, kuma rashin irinsa a wannan karo ya fito fili a jerin sunayen waɗanda suka yi rajista.

Akwai kuma waɗanda hidimar ba ta kai gare su ba ko kaɗan. A cikin gidajen garinmu akwai mata masu ɗinki da masu turara shinkafa waɗanda ƙwarewarsu ba ta gaza ta mazan gareji ba, amma tawagar masu tantancewar da aka turo duk maza ne, kuma kowa ya san namiji baƙo ba zai shiga cikin gida ya zauna yana kallon matar aure tana aiki ba. Tun da cibiyar tana da mace a matakin tabbatar da inganci, horar da mata masu tantancewa ba abu ne da ya fi ƙarfinta ba.

Game da amfanin takardar, gaskiya ita ce manomin da injinsa ya lalace ba zai tambayi kwali ba, sunan mai gyara a bakin mutane shi ne shaidarsa. Wanda kasuwarsa ta tsaya a cikin gari kuma ya gamsu da haka zai iya jira. Amma wanda yake neman aiki a kamfani, ko yake son a sa shi cikin masu koyar da sana'a a shirye-shiryen gwamnati, ko yake da niyyar hawa mataki na gaba, wannan takarda ta fi masa duk wani kwalin taron bita, domin tana ɗauke da lamba da sunan hukumar da za a iya tuntuɓa, kuma ta bayyana sassan aikin da aka auna shi a kai ɗaya bayan ɗaya. Wasu dattawanmu suna riƙe da tsohuwar takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai daraja ta uku da ta biyu da ta ɗaya, kuma mai tantancewar ya karɓi kwafinta cikin shaidun ƙwarewar da mutum ya riga ya mallaka, bai ce a jefar da ita ba.

Duk ƙungiyar da aka kawo wa irin wannan tayi, kafin ta tara kuɗin mambobi, ta nemi a nuna mata takardar amincewar cibiyar, ta tambayi sunan hukumar da za ta ba da shaidar da matakin da za a tantance mutane a kai, ta kuma nemi ganin shaidar horon mai tantancewar shi kansa, domin shi ma sai da aka horar da shi aka auna shi kafin a ba shi izini. Idan aka ce za a ba da takarda ba tare da an zo an ga aiki ba, to ba wannan tsari ba ne, komai kyawun tambarin. Mu dai ƙungiyarmu ta amince a sake zagaye na biyu da wannan cibiya domin masu gyaran injin ban ruwa, amma mun rubuta mata cewa sai ta sa ranar fitowar takardu a cikin yarjejeniya, ta karɓi bayanin baki da Hausa, ta yarda yaran shago su biya kuɗinsu kashi-kashi bayan an sayar da amfanin rani, ta kuma zo da mace cikin masu tantancewa.